Kar ki yi gaggawar fasa tsohon cikon haƙorinki

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na ga tambayarki tun jiya da daddare, wai kina da cikon ƙarfe guda uku a turamen haƙoranki tun kina budurwa, kin ci karo da wani bidiyo ana cewa guba ce, kina so a kwashe su duka a saka miki farin, ga shi kina shayarwa, sannan yaronki ɗan shekara 6 shi ma rami ya fito masa. Na kuma ga masu ce miki ki tafi gobe goben nan a cire. Toh dan Allah ki ɗan dakata. Ni ba likita bace amma aikina kenan, na daɗe ina tsayuwa gefen kujerar likitan haƙori a nan Jos, ni ke haɗa kayan cikon in miƙa, ni ke riƙe robar zuƙe yawu, kuma ni nake ganin waɗanda suke dawowa bayan shekaru da waɗanda suke dawowa bayan wata biyu suna riƙe da kunci.

Maganar gaskiya cikon da yake zaune lafiya, bai tsage ba, gefensa bai buɗe ba, hoton X-ray bai nuna ruɓa a ƙarƙashinsa ba, ba a taɓa shi. Musamman ke mai shayarwa.

Wannan mai launin tokar sunansa amalgam, kuma eh da gaske ne akwai zaiba a ciki, kusan rabinsa ma zaiba ce, sauran garin azurfa ne da jan ƙarfe da kuza, ita dai kuzar da aka san Jos da Bukuru da ita. Babu dalma a ciki, na faɗi haka ne saboda tun abin da ya faru da yara a Zamfara a 2010 duk wani ƙarfe mai toka-toka mutanenmu dalma suke ce masa. In aka cakuɗa zaibar da garin sai ya yi laushi na 'yan mintuna, likita ya danna shi cikin ramin ya gyara samansa, daga nan ya daskare ya zama ƙarfe guda. Sama da shekara 150 ana amfani da shi a duniya. Yana fitar da ɗan tururin zaiba kaɗan kaɗan in ana tauna, wannan ba ƙarya bane, amma lokacin da mutum ya fi shaƙar tururin shi ne ranar sakawa da ranar cirewa, don sai an sa inji an niƙe shi kafin ya fita. Kinga kenan in kika je aka fasa miki guda uku a zama ɗaya kina shayarwa, abin da kike gudu shi kika je kika ɗebo da kuɗinki. Hatta hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka da ta fitar da shawara a 2020 cewa masu ciki da masu shayarwa da ƙananan yara da masu ciwon ƙoda su guji sabon amalgam, a cikin shawarar ta ce kar a cire wanda yake zaune lafiya.

Ga kuma abin da masu bidiyo basa faɗa. Duk sanda aka cire ciko sai an haɗa da ɗan lafiyayyen haƙori an rarake, ba yadda za a yi. Ramin da yake ƙarami sai ya ƙaru, a matso kusa da jijiya, bangon haƙorin ya ƙara sirancewa. Na sha ganin matan da suka zo da haƙori shiru ba ciwo, kawai don basa son a ga baƙi in sun yi dariya, aka canza musu, daga baya haƙorin ya fara tsami da ruwan sanyi, wata ma sai da aka kai ga kashe jijiya. Haƙori ba ya tofowa, abin da inji ya ci ya tafi kenan.

To me yasa ake ta surutun hana shi? Akwai yarjejeniyar duniya ta Minamata da aka amince da ita a 2013, sunan wani gari ne a Japan inda a 1956 aka gano mutane suna ta kamuwa da ciwon jijiyoyi da ƙwaƙwalwa saboda wata masana'anta tana zubar da dagwalon zaiba a teku, kifi ya sha, mutane suka ci kifin. Najeriya ta tabbatar da shigarta yarjejeniyar a 2018. A 2022 aka ƙara sharaɗi cewa a daina sa amalgam a haƙoran nono da yara 'yan ƙasa da shekara 15 da masu ciki da masu shayarwa sai in likita ya ga dole, kuma a daina sayen zaiba a kwalba ana kwaɓawa da hannu, sai dai wadda ta zo a rufe cikin ɗan kafsul. Ƙasashen Tarayyar Turai kuwa sun hana shi daga farkon 2025. Babban dalilin shi ne muhalli, ragowar da ake zubarwa a magudanar ruwa da bola. Kuma in ana batun haɗari mu ma'aikata mun fi ku shiga ciki, a da har matse zaibar ake da ƙyalle. Don haka sabon ciko in za a miki yanzu, ki ce ba kya son amalgam, haƙƙinki ne kuma daidai ne. Tsohon kuma ki bari a duba shi da hoto tukuna.

Yanzu bari in zo kan farin da kowa yake so, kwamfozit. Roba ce ta musamman da aka cakuɗa da garin gilashi mai laushi sosai, wani Ba'amurke Bowen ne ya samar da asalin robar a farkon shekarun 1960. Kyau kam ba a magana, akwai kala kala ana gwadawa da haƙorinki har a samu wadda ta dace, in hannu mai kyau ya yi ko ke sai kin nema kafin ki gane wurin. Kuma shi mannewa yake da haƙori, ba kamar amalgam ba da sai an fafe ramin ta yadda cikinsa zai fi bakinsa faɗi don ya maƙale, saboda haka ba a ɓarnar haƙori da yawa. Amma yana da mita. Sai an shafa wani shuɗin asid na 'yan daƙiƙu an wanke, a shafa gam, a haska shuɗiyar fitila, sannan a rinƙa sa shi kaɗan kaɗan, kaurin da bai wuce milimita 2 ba, kowane a haska shi kamar daƙiƙa 20 zuwa 40. Dalilin sa shi kaɗan kaɗan ɗin, hasken ba ya ratsa mai kauri, sannan yana ɗan tsukewa in yana daskarewa, in aka cusa shi gaba ɗaya sai ya ja jikinsa daga bango ya bar 'yar kafa da ido ba ya gani amma ƙwayoyin cuta suna gani.

Babban abokin gabarsa yawu ne. Kin san mai faci, in bai kankare tayar ya bari ta bushe ba ko wane irin gam ya shafa kafin ki kai kasuwar Terminus ta sace. Haka kwamfozit yake, ɗigon yawu ɗaya ko ɗan jini daga dasashi ya taɓa wurin a lokacin da bai kamata ba, aikin ya lalace ko da a ranar ya yi kyau a madubi. Shi yasa ake cusa auduga ana ta zuƙe yawu, inda suka ƙware ma wata shimfiɗar roba ake maƙalawa a haƙorin ya leƙo shi kaɗai. Sannan ga matsalarmu ta wuta, fitilar da cajinta ya yi ƙasa ko ta tsufa sama zai yi tauri ƙasa yana ɗanye. Wallahi yawancin farin cikon da nake gani ya faɗo da wuri ba laifin kayan bane, gaggawa ce, an yi cikon turmi a minti goma layi yana jira a waje. In kika ga an gama miki farin ciko babba kafin ki gama gyara zama, ki sa alamar tambaya.

Wajen ƙarko, a turamen baya inda ake tauna amalgam yana da tarihi, shekara 10 zuwa 15 ba abin mamaki bane, na ga na dattawan da suka haura 20 suna nan daram. Kwamfozit na yanzu ya fi na da nesa ba kusa ba, a ƙaramin rami ko matsakaici yana daɗewa sosai, amma a babban rami a bakin da ba a kula da shi ya fi saurin samun sabuwar ruɓa a gefe. Kuma yana rina, mai cin goro da mai shan baƙin shayi da kofi za su ga gefensa ya fara ja ko ruwan ƙasa. Masu son farar da haƙora kuma su sani maganin farar da haƙori ba ya canza launin ciko, in za ki yi ki fara yin wancan, a ɗan jira kamar sati biyu, sannan a zaɓi kalar cikon.

Na uku shi ne wanda ni na fi ƙauna duk da ba shi da farin jini, gilas ayonoma, mu GIC muke ce masa. A Ingila aka ƙirƙiro shi, Wilson da Kent suka fito da shi a farkon shekarun 1970. Gari ne da ruwa ake kwaɓawa, yana kama haƙori da kansa ba sai an sa gam ba, ba ya buƙatar fitila, yana haƙuri da ɗan danshi, kuma yana sakin fulorayid a hankali, sinadarin nan da ake sawa a makilin don ƙarfafa haƙori, wanda yake taimakon gefen ramin. A Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980 aka fara wata dabara ta kankare ruɓa da ɗan cokalin hannu a cike da shi, ba inji ba wuta, yawanci ma ba allura, ita muke yi in an fita aikin ƙauye ko makarantu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna. Rauninsa ba shi da ƙarfin ɗaukar tauna mai nauyi, a saman turmin babba yana cinyewa ko ya gutsure, kuma farinsa fari ne kamar alli ba ya sajewa sosai. Amma a haƙoran yara, da ramin da ke wuyan haƙori kusa da dasashi, da bakin tsofaffi masu bushewar yawu, da mai cikin da ake so a rufe mata rami ba dogon zama, ba shi da na biyu a wurina. Wani lokacin ma likita yakan shimfiɗa shi a ƙasa ya ɗora kwamfozit a sama.

Sai ciko na wucin gadi, wanda in an sa miki bakinki zai yi ta ƙamshin kanumfari, don kuwa man kanumfari ne a ciki aka kwaɓa da wani farin gari. Yana kwantar da zogi shi yasa mutane suke jin daɗinsa su ɓace. Na 'yan kwanaki ne ko makonni, ba na zama bane. Mutum sai ya dawo bayan shekara da kumburin fuska yana cewa ai an cike min, alhali ce masa aka yi ya dawo sati mai zuwa. Kafin ki tashi daga kujera ki tambaya, wannan na dindindin ne ko na wucin gadi, kuma mene ne sunansa, a rubuta miki a kati.

Tunda na ambaci kanumfari, eh yana kashe zafi na ɗan lokaci, iyayenmu ba su yi ƙarya ba, amma ba ya tsayar da ruɓa. Masu ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi ƙona naman suke, sai ki ga wurin ya yi fari ya saluɓe. Masu ɗiga ruwan batir da fetur kuwa sai dai addu'a. Kuma babu wata tsutsa a cikin haƙori, ƙwayoyin cuta ne suke cin sukarin da ya maƙale su fitar da tsami, tsamin ya narkar da haƙorin.

In ramin ya riga ya kai jijiya, ciko kowane iri ne ba zai yi ba. Alamarsa zogi haka kawai ba ki ci komai ba, ya tashe ki cikin dare, ko ki sha ruwan zafi ciwon ya ƙi tafiya, ko ƙurji ya fito a dasashi. A nan zaɓi biyu ne, a cire ko a yi rut kanal, wato a kwashe jijiyar a wanke hanyoyin a toshe su da wasu siraran tsinkaye na roba. Haƙorin da aka yi wa haka, musamman turmi, yana son hula a kansa in ba haka ba wata rana kina cin aya ko kika gamu da tsakuwa a acca sai ki ji ƙas, ya rabe biyu, kuɗin rut kanal ɗin ya bi ruwa. Hular akwai ta ƙarfe zalla, akwai mai ƙarfe a ciki tangaran a waje wadda bayan shekaru wani baƙin layi yakan fito a bakin dasashi, akwai zakoniya fara ce gaba ɗaya ga ƙarfi ga tsada. Zinare na gaske kuwa a wajen ƙarko har yau da wuya a samu wanda ya fi shi, ba ya tsagewa ba ya cinye haƙorin da yake karo da shi, kuɗinsa ne kawai.

Wannan daban yake da haƙorin Makka da alhazanmu suke dawowa da shi, kar a haɗa. Wancan kwalliya ce, sau da yawa kwanso ne da aka riga aka ƙera ake zura shi a kan lafiyayyen haƙori, bai zauna cif da bakin dasashi ba, abinci yana shiga ƙarƙashi buroshi ba ya kaiwa. Ba na hana kowa, kakata ma tana da shi, amma mun cire wa hajiyoyi da dama muka tarar haƙorin ciki ya zama kamar dafaffen rogo ga wari. Mai shi ya rinƙa kaiwa ana dubawa.

Maganar yaronki kuma. Kar ki ji masu cewa ai na nono ne zai faɗi. Na gaba ne suke faɗuwa a shekara 6 zuwa 7, turamen nono na baya sai wajen shekara 10 zuwa 12, kinga shekaru nawa zai yi yana fama, kuma in aka cire da wuri na kusa sukan matso su tare wa na dindindin hanya ya fito a karkace. Abin da ya fi muhimmanci, daidai shekara 6 ɗin nan ne turmin farko na dindindin yake fitowa can bayan na nono, ba tare da wani ya faɗi ba, iyaye da yawa suna ɗauka na nono ne su ƙyale shi ya ruɓe, alhali shi ne zai yi tauna da shi har tsufa. In ramin ƙarami ne GIC ya wadatar. In ya ci gefe da gefe akwai 'yar hular ƙarfe ta yara da ake kifawa, tana zama har haƙorin ya faɗi da kansa. Akwai kuma wani ruwa mai azurfa da fulorayid da ake ɗigawa ya tsayar da ruɓa ba inji ba allura, yana da kyau ga yaron da ba ya zama, sai dai wurin da ya ruɓe zai koma baƙi ƙirin har abada, ki sani tun kafin a sa kar ki zo kina faɗa. Sabbin turamen kuma in suna da zurfin tsaga ana iya shafe su da abin rufewa tun basu ruɓe ba.

Wani abu na nan Filato, in kika ga haƙoran yaro da ɗigo ɗigon fari ko ruwan ƙasa tun fitowarsu, kamar yadda ake yawan gani wajen Langtang, sau da yawa ba ruɓa bace, fulorayid ne ya yi yawa a ruwan shan da ya taso da shi. Wannan ba a fafe shi a cike, gyaran fuska ake masa in mutum yana so.

Bayan ciko, in amalgam ne ana barin tauna mai ƙarfi a gefen har kwana ɗaya, in kwamfozit ne ya riga ya daskare tun a kujera, jira kawai za ki yi allura ta sake ki kar ki tauna leɓenki, yara musamman a sa musu ido. Ɗan tsami da ruwan sanyi na kwanaki ko 'yan makonni yana faruwa, balle a sanyin Jos na Disamba da ko iska kika shaƙa ta baki sai kin ji, in dai yana raguwa ba komai. Amma in kika haɗa haƙora kika ji wannan ne yake fara taɓawa, cikon ya yi tudu, ki koma a sa miki shuɗiyar takarda ki ciza a rage, aikin minti biyu ne, kar ki ce zai saba. Buroshi sau biyu da makilin mai fulorayid, na dare ya fi muhimmanci, ki tofar kar ki kurkure da ruwa. Asuwaki yana da kyau amma ba ya shiga tsakanin haƙora, a nan kuma yawancin ciko suke fara lalacewa, sai da zare. Buɗe kwalbar lemo da haƙori da fasa ƙashin kaza kuma a bar wa masu haƙoran da ba a taɓa ba, su ma ɗin ba su tsira ba.

Inda za ki je, akwai sashen haƙori a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, can Lamingo da asibitin ƙwararru na jiha, ga masu zaman kansu da yawa a gari, na gwamnati ya fi sauƙin kuɗi amma ki yi sammako. Ko ina ne ki tabbata likita ne mai rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, ba mai ƙera haƙoran roba bane ya koma yin ciko, kowa da aikinsa. Farashi ba zan faɗa ba don kayan duk daga waje ake shigo da su, dala ta motsa sun motsa. Ki faɗa musu kina shayarwa tun a teburin kati, hoton haƙori da allurar kashe zafi ba sa hana shayarwa. In hoton ya nuna ɗaya daga cikin ukun ya buɗe ko akwai ruɓa a ƙasansa, shi kaɗai za a canza, da ruwa mai yawa da abin zuƙa mai ƙarfi, sauran biyun a barsu.

Shi yaron ki kai shi da safe bayan ya karya, kuma dan Allah kar a tsorata shi da allura a gida. Ki haska bakinsa da fitilar waya ki ƙirga daga tsakiya, in ramin yana kan haƙori na shida ne to na dindindin ne, wannan kar ya wuce satin nan. Ki faɗa min na nawa ne, da kuma ko yana tashi da dare yana kuka da shi.